Tafkuna Huɗu Kafin Ranar Kwamiti

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Yau kwana tara ’yata Auta ba ta leƙa ƙofar gida ba. Likita ya ce in riƙa rubuta abin da ta ci, shi ya sa na sayi wannan littafin. Jiya: rabin kofin shayi. Shi ke nan. Sauran shafin ya tsaya fari fat yana kallona, sai na ga gara in cika shi.

Wayarta tana kashe a cikin durowa. Shekara shida tana aikin ungozoma, wayar nan ba ta taɓa yin shiru na awa guda ba. Yanzu gidan ya yi tsit, har ƙarar firij nake ji daga tsakar gida.

Kwamitin asibiti zai zauna ranar 26 kan matar da ta rasu a hannunta. Saura kwana ashirin da biyu. Ba zan bari ta yi su a kan katifa tana kallon bango ba. Ban san yadda zan yi ba tukuna, amma ba zan bari ba.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ayaba ɗaya. Ta ce in rufe labule. Na yi kamar ban ji ba.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na rasa abin yi, na hau kwashe tsofaffin littattafai daga ƙarƙashin gado. Can ƙasa na ci karo da taswirar da nake koyarwa da ita, duk gefenta ya yayyage. Ga tafkunan nan huɗu na ƙauyukan bayan gari. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da labarin ƙasa, ina zana su a allo, ina buga tebur ina cewa a haddace faɗinsu da zurfinsu, amma ni ban taɓa taka bakin ko ɗaya ba. Na zauna a ƙasa ina jin kunyar kaina.

Na kira ƙanena makaniki, wanda yara suke ce wa Kawu, har ni ma na koma kiransa haka. Na ce ina so ya kai mu.

Ya ce, “Yaya, ke da wannan gwiwar taki? Ke da kasuwa ma sai kin huta sau uku?”

Na ce, “Motarka ma sai ta huta sau uku, kuma kullum kana kan titi da ita.”

Ya yi dariya, sannan ya yi ƙasa da murya. “Yaya jikin ɗiyata?”

Na ce ya zo ranar Asabar da sassafe.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na faɗa mata. Ko juyowa ba ta yi ba. “Mama, don Allah ki ƙyale ni.”

Na ce, “Wa ya ce don ke ne? Likita ya ce in riƙa tafiya saboda gwiwa. So kike in je in faɗi a daji ni kaɗai?”

Rabin maganar gaskiya ce. Allah Ya yafe mini ɗaya rabin.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mun je. Ta fito da mayafin da ta kwana da shi, ta shiga baya, ta jingina kai da gilashi. Motar Kawu ta mutu sau biyu kawai, ya ce wannan alamar nasara ce.

Tafkin farko shi ne wanda nake ce wa ɗalibai ya yi kama da takalmi. Daga ƙasa ba ya kama da komai sai ruwa. Amma wane irin ruwa! Shuɗi daga nesa, kore daga kusa, ga bado ya rufe gefe guda da fararen furanni. Akwai siririyar hanya da ƙafafun mutane suka fitar, ta bi bakin ruwan ta shige cikin itatuwa. Wasu tsofaffi biyu suka wuce mu da sauri, suna lilo da hannuwa kamar sojoji.

Auta ta ƙi fita. Na ɗauki lemata na dogara, na kama hanya. Taku ɗari uku na yi, na ƙirga, gwiwar tana zagina a kowane taku. Da na waiwayo na ga ta sauke gilashi.

Ta sauke gilashi. Na rubuta shi sau biyu don in gani da kyau.

Abinci: burodi yanka ɗaya, a mota.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe uku na rana

Mun koma tafkin takalmi. Na ce wa Kawu ya kulle mota ya sa makulli a aljihu. Ya ce, “Yaya, ai ƙofar baya ba ta kulluwa tun bara.” Duk da haka ta fito.

Ta bi ni a baya, hannuwanta duka biyu a dunƙule cikin mayafi. Na lura tun ranar ba ta taɓa kowa ba. Ko kofi zan ba ta, sai dai in ajiye ta ɗauka. Mun kai wani kututture da ya faɗi rabinsa cikin ruwa, muka zauna. Agwagwar ruwa ta wuce da ’ya’yanta a jere. Na ƙirga bakwai, Auta ta ce, “Takwas. Ɗaya yana baya.”

Ita ce magana mafi tsawo da ta yi yau.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Yayanta ya kira daga inda yake aiki. Ya ce ya yi magana da wani lauya abokinsa, wai abin da za ta yi mai sauƙi ne: duk tambayar da ta shafi lokaci, ta ce ba ta tuna ba. Ya ce, “Mama, ke kuma maimakon ki zaunar da ita ta shirya, kina yawo da ita bakin ruwa kamar ’yan makaranta.”

Na ce sai ta iya tsayuwa da ƙafafunta kafin ta tsaya gaban kowa. Ya ce zai sake kira.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ban so in rubuta yau ba.

Tafki na biyu dogo ne siriri, akwai gadar katako a tsakiya, da masunta suna gyaran raga a inuwa. Mun fara da kyau. Ta wuce ni ma, har ta tsaya tana kallon wani mai kwale-kwale yana kwashe ruwa da gwangwani. Kawu yana ba mu labarin yadda ya taɓa kama kifi mai tsawon ƙofar mota, ni ina cewa ƙofar motar wasan yara, sai na ga kamar bakinta ya motsa.

A ƙarshen gadar wasu iyali sun shimfiɗa tabarma. Matar ta yunƙura za ta tashi, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a ƙasan ciki. Watanta ya kusa. Ta yi wa Auta murmushi ta ce, “Sannunku da tafiya.”

Ban san Auta tana iya gudu haka ba. Gadar har rawa take yi. Na same ta a bayan mota tana amai, alhali ba abin da ke cikinta. Na kai hannu bayanta, ta goce.

Har gida ba wanda ya yi tari.

Juma’a, 15 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ba ta ci komai ba. Labule a rufe. Ni na rufe shi.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe goma na safe

Shayi, kurɓa uku.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Shugabarsu ta asibiti ta zo, mace mai kirki, ita ta koya wa Auta aiki. Auta ta ƙi fitowa, sai muka zauna a falo ni da ita. Ta daɗe tana juya kofi kafin ta ce, “Mama, a takardar ranar ba a rubuta lokacin da aka kira likita ba. Gurbin a buɗe yake. Abin da ta faɗa shi za a rubuta. Ban ce komai ba fa.”

Na ce na gode.

Da ta tafi na zauna ina tunani. Ni da nake korar yaro daga aji saboda leƙen takardar wani, yau ga ni ina lissafin yadda zan shigar wa ’yata da maganar nan. Kuma zan shigar. ’Yata ce. Waccan baiwar Allah ba abin da zai dawo da ita, tawa kuwa tana nan a ɗaki tana narkewa.

Na kira Kawu na ce ranar Talata. Ya ce, “Bayan abin da ya faru?” Na ce saboda abin da ya faru.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na ajiye takalmanta a bakin ƙofar ɗaki, na wanke su tas.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ina rubutu ƙafata tana kan matashi biyu.

Ta sa takalman. Ban tambaye ta dalili ba. Tafki na uku yana bayan wani tudu, mota ba ta kaiwa, sai an hau an gangara. Kawu ya tsaya a ƙasa don motar ta fara tafasa. Daga saman tudun ruwan kamar an ajiye faranti a tsakiyar ciyawa, shanu suna sha a can gefe, balbelu a bayansu. Iska mai sanyi. Na ce a raina nan ne zan yi mata maganar takarda.

A gangara na taka wani dutse mai santsi. Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni a ƙasa, lema can, takalmi can, idon sawuna ya juya. Ihun da na yi har shanu suka ɗago kai.

Kafin in rufe baki tana kaina. Ta fitar da hannuwan nan, ta kama ƙafar, tana latsawa tana cewa, “Nan? Nan fa? Motsa yatsu in gani.” Muryar aiki, wadda nake ji idan tana waya da masu ciki. Ta cire ɗankwalina ba ta ko nemi izini ba, ta jiƙa shi a ruwan tafki, ta ɗaure ƙafar tamau.

Da ta gama ta kalle ni. “Mama, da gangan kika faɗi?”

Na ce, “Da gangan zan yi, ai da na zaɓi wuri mai ciyawa.”

Ta yi dariya. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta koma wani abu. Ta kifa kai a cinyata, na bar ta. Mun daɗe a haka. Daga baya ta fara magana, fuskarta tana kallon ruwa.

“Masu naƙuda biyu ne, Mama. Ni kaɗai ce a ɗakin haihuwa. Ta farko ta sauka lafiya, har tana yi mini wasa, tana cewa jaririyar ta ɗauko hancin babanta. Na duba ta. Wallahi na duba ta. Sai ɗayar ta fara kira. Na ce mata ina zuwa yanzu.”

Ta ce, “Minti ashirin na yi kafin in dawo kanta.”

Sauran abin da ta faɗa ba na littafi ba ne.

Ban yi maganar takarda ba. Ta goya ni rabin tudun, ni da ƙibata. Kawu ya hango mu ya taho da gudu yana cewa, “Yau ga mota ta lalace, ga Yaya ta lalace!”

Ta ci ƙwai biyu da burodi.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ba karaya, targaɗe ne. Likita ya yaba ɗaurin. Ita take gasa mini ƙafar safe da yamma, tana yi mini faɗa idan na taka.

Yau na faɗa mata abin da shugabarsu ta ce, da abin da lauyan yayanta ya ce. Na ƙara da nawa. Na ce ba wanda zai sani. Ta ci gaba da naɗe bandeji kamar ba ta ji ba. Da ta gama ta ce, “Akwai saura tafki ɗaya, ko?”

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na huɗu shi ne babbansu, kuma mafi zurfi. Na san zurfinsa da ka, na sha rubuta shi a allo. Yau na yi fatan da ban sani ba.

Akwai hanya da ta zagaye shi gaba ɗaya, wani mai gadin wurin ya ce awa biyu ne ga mai ƙafa lafiya. Auta ta ɗaura igiyar takalmi ta ce, “Zan zagaya.” Kawu ya miƙe zai bi ta. Ta ce, “A’a, Kawu. Ni kaɗai.”

Ya kalle ni. Duk abin da ke cikina yana cewa a’a. Na ce, “Ki tafi da ruwan sha.”

Na zauna a kujerar gaba, ƙofa a buɗe, ƙafa a kan bokiti. Ina kallon shuɗin mayafinta yana ƙanƙancewa. Ya wuce wurin masu kamun kifi da ƙugiya, ya wuce wani dogon dutse da ya shiga cikin ruwa. A kan dutsen ta tsaya. Ta daɗe. Kawu ya buɗe gaban mota yana ƙwanƙwasa abin da bai lalace ba. Sannan ta sauko, ta ci gaba, itatuwan can ƙetare suka haɗiye ta.

Awa guda ban ga komai ba sai ruwa.

Ba zan rubuta abin da na yi tunani ba. Na dai yi addu’ar da ban taɓa yin irinta ba, ko ranar da mahaifinsu ya rasu. Kawu ya ce, “Yaya, in bi ta ta ɗaya gefen?” Na ce ya zauna. Bayan minti biyar ya sake tambaya, na sake cewa ya zauna. Farcena ya huda tafin hannuna, sai daga baya na gani.

Ta ɓullo ta bayanmu, ta inda ba mu sa ido ba, taɓo har gwiwa, fuska duk gumi. Ta ce, “Akwai abinci? Yunwa nake ji.” Kawu ya juya baya yana share ido da tsumman mai, ya bar baƙi a kumatu.

Ta cinye burodinta, ta cinye nawa. Sannan ta ce, “Mama, zan faɗa musu minti ashirin ne. Zan kuma faɗa musu ni kaɗai ce a ɗakin, kuma sau huɗu muna rubuta cewa mutum ɗaya bai isa ba. Duka biyun zan faɗa.”

Na ce, “In suka kore ki fa?”

Ta ce, “To sun kore ni.”

Ni na kawo ta nan don ta tsaya da ƙafafunta. Ban ce sai ta tsaya inda nake so ba.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe tara na safe

Yayanta ya yi ta faɗa a waya. Ta karɓa da kanta, ta saurare shi har ya gaji, ta ce, “Na ji, Yaya. Ka yi mini addu’a kawai.”

Talata, 26 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Awa ɗaya da minti goma. Na zauna a benci a baranda da sandar da Kawu ya yanko mini. Ma’aikata suna wucewa suna gaishe ni, wasu suna kau da kai. Ta fito idonta ja, amma a miƙe. Ta ce za su aiko da takarda.

Juma’a, 29 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Takarda ta zo. Gargaɗi a rubuce, da wata shida tana aiki a ƙarƙashin wata ungozoma. Ba su kore ta ba. Kan maganar ƙarin ma’aikata sun ce za su duba. Na yi murna, ita ba ta yi ba, ba ta kuma yi baƙin ciki ba. Ta ninke takardar ta ce, “Gobe ina so Kawu ya kai ni wani wuri.”

Na ce ai tafkunan sun ƙare.

Ta ce, “Ba tafki ba. Gidan marigayiyar.”

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na ce kada ta je. Na ce mutanen nan suna cikin zafi, ba ta san abin da za su yi mata ba. Ta ce in zauna a gida in huta da ƙafa. Na riga ta shiga mota.

Gida ne ƙarami a ƙarshen wani lungu, an shanya ƙananan kaya a igiya. Mijin yana zaune a ƙofa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi ko ita wace ce. Ya san ta. Ya miƙe ya bar wurin, ya wuce ta gefen motarmu bai kalli kowa ba. Ta tsaya a tsakiyar lungu ita kaɗai. Na kama murfin ƙofa zan fita, sai wata tsohuwa ta ɗaga labule, mahaifiyar marigayiyar, kamar yadda na ji daga baya. Ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. Ta ce, “Shigo.”

Minti arba’in. Ba mu ji ihu ba, ba mu ji komai ba.

Da ta fito ta shiga baya ta zauna kusa da ni. Na ce, “Me suka ce?”

Ta ce, “Tsohuwar ta tambaye ni ko ’yarta ta yi magana a ƙarshe. Na faɗa mata abin da ta ce. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba.” Ta ja numfashi. “Jaririyar tana shan madara sosai. Cibiyar ta warke da kyau.”

Sai a lokacin na ga kafaɗarta. Farin tumbiɗi ya gangaro a kan mayafin, bai ko bushe ba. Na ciro hankici zan goge mata, ta riƙe hannuna.

“Bari, Mama. Sai mun je gida.”